'Yar Lambar da ke Ƙasan Takarda

Mako na biyu, Asabar

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin tashi lafiya. Ya hannu, ya shago, ya Mai Guga da mitarsa? Ni dai lafiya lau, har na fara cin abinci kamar mai ramuwa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun a bakin ƙofar gidan nan na masu son rabuwa da shaye-shaye suka karɓe wayata suka sa a ambulan, wai sai ranar fita. Kwana uku na yi ina laluben aljihu. Makon farko ba zan ba ki labarinsa ba. Jiki ya nemi abin da ya saba bai samu ba, ya huce a kaina, ya wuce.

Mu huɗu ne a ɗaki. Gadona na jikin taga, labulen kuwa wani mara tsoron Allah ne ya kalmashe shi a karkace, kullum yana tsone min ido. Maƙwabciyar gadona Rediyo ake ce mata, kuma ba a zalunce ta ba.

Abin da ya sa na ɗauko biro shi ne ɗakin kwamfuta. Bayan zaman tattaunawa na safe, inda kowa ke amayar da abin da ke cikinsa, sau huɗu a mako ana kai mu wani ɗaki mai kwamfuta shida, kowa da abin kunnensa, rabin awa cif. Malamar da ke kula da ɗakin doguwa ce, mai magana a hankali kamar tana gudun tayar da jariri. Ta ce abin da muka sha yana sa ƙwaƙwalwa ta yi sanyi wajen riƙe abu da wajen taka birki, to wannan motsa jiki ne amma na kai. Akwatuna ne ke haskawa a allo ɗaya bayan ɗaya, ke kuma ki taɓa su yadda suka zo, wani lokacin daga ƙarshe zuwa farko. Akwai kuma na fitila, kore ki danna, ja ki janye hannu. Duk wanda kika ci sai a ba ki tauraro.

Ranar farko mun ɗan yi tsiya ni da kwamfutar, amma daga rana ta biyu na gano kanta. Ga takardar mako nan na sako miki. Tauraro arba'in da shida cikin hamsin, Gwaggo. Ki nuna wa Mai Guga, shi da ya ce kaina ya zama kwando.

Ban manta da abin da kika ce a mota ba. Mako takwas. In na dawo da kaina daidai, teburin yanka nawa ne. In ba haka ba za ki ba Mai Gilashi, telan nan da ya daɗe yana miki zarya. Na san abin da na yi wa yadin Shugabar Makaranta ba ƙarami ba ne: hannun hagu biyu, ƙugun wata, tsawon wata. Kwalba biyu na maganin tari na sha ranar kafin in ɗauki almakashi, kin sani na sani. Amma ni ce dai wadda ke riƙe awon mutum arba'in a ka ba tare da rubutu ba, kamar yadda kike yi. Ki tsare min teburin nan, don Allah. Tun ina tsayawa a kan akwatin zare don in hango samansa nake son sa.

Ki huta lafiya.

'Yarki,
'Yar Alli

*

Daga shago, Laraba

'Yar Alli,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni ina fama da wuyan wata riga da mai ita ta rantse ba ta ƙara ƙiba ba. Na gode Allah da kike cin abinci.

Hannu da sauƙi, haka nake ce wa masu gaisuwa. Gaskiyarsa kuwa, da safe sai na jiƙa yatsun nan a ruwan ɗumi kafin su yarda su shiga kunnen almakashi. Riga biyu nake yankawa a rana, ta uku sai da tsaki.

To wai ke, na kai ki a gyara miki kai, sai aka zaunar da ke kina danne-danne? Na karanta wa Mai Guga bayanin akwatunan, ya ce in haka ake yi shi ma a kai shi, ya gaji da tsayuwa. Amma da na ga taurarin nan sahu-sahu sai bakina ya ƙi rufuwa. Na sa fil na kafe takardar a bango, sama da keken tsakiya. Duk wadda ta zo gwaji sai ta tambaya, ni kuwa in ce 'yata ce ke wani kwas na kwamfuta. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi abin da ba a tambaye ni ba.

Mai Gilashi ya zo ranar Litinin, wai wucewa yake. Ban taɓa ganin mai wucewa ya shafa tebur, ya ɗaga almakashi yana gwada nauyinsa ba. Hannunsa na da kyau, ba zan hana shi ba. Ya yanka min wando ɗaya ina kallo, ko ƙyalle bai ɓata ba. Sai dai shi mutum ne da komai sai ya rubuta, har faɗin wuyan jariri. Ya ce min shi ba ya aikin wucin gadi, in tebur ne a ba shi tebur. Na ce masa magana tana nan yadda na faɗa, sai mako takwas sun cika.

Shugabar Makaranta ta wuce jiya ta gaishe ni. Ta tambaye ki, kuma ba da gatse ba.

Shagon ya yi min faɗi. Babu mai waƙa da fil a baki, babu mai cinye min alli. Tun rasuwar babanki ba mu taɓa yin mako uku ba mu ga juna ba. Na yi kewarki, kada kuma kanki ya kumbura.

Ki bi abin da aka ce miki, ki gaishe da Rediyo. Labulen nan ki ƙyale shi, ba aikin da ya kai ki ba ne.

Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki

*

Mako na huɗu, Asabar

Gwaggona ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ruwan ɗumi? Ki riƙa shafa man nan da likita ya ba ki, na san yana nan a aljihun tebur ko buɗe shi ba ki yi ba.

Labule dai na gyara shi. Na roƙi allura a ofis, suka ba ni bayan na sa hannu a littafi kamar na ari bindiga. To kin san mutane, yanzu layi ake min. Wannan aljihu ya ɓarke, wancan zif ya ƙi hawa. Har mai gadi ya kawo hularsa. Ina jin daɗin abin, don hannu in yana aiki kai ba ya yawo.

Ga takardun mako biyu nan, arba'in da takwas da arba'in da tara. Sarauniyar Taurari suke kira na yanzu. Ita kuwa Rediyo, baiwar Allah, goma sha tara ta samu. In kin ga yadda take zama gaban kwamfutar sai kin tausaya mata, leɓe a cije, goshi duk zufa, tana ƙirga akwatuna da yatsun ƙafa. Rabin awar nan ce kaɗai ake samun shiru a gidan nan. Tana fitowa take neman maganin ciwon kai. Amma jiya ta tashe mu da ihu, wai ta karanto lambar wayar mamarta daga ƙarshe zuwa farko. Muka ce to sai ki kira ta a haka mu gani.

Ni kam ko gumi ba na yi. Malama ta tsaya a bayana ranar Alhamis ta ce, "Ke ba kya gajiya?" Na ce ai jinin tela ne. Ta ce, "Haka ne," ta daɗe tana kallona, sannan ta wuce. Matar nan in ta yi shiru sai ki ji kamar an auna ki.

A zaman safe na yi maganar Baba, karo na farko. Na yi kuka, aka miƙo min hankici, ba wanda ya ce in yi haƙuri, kuma abin ya yi min daɗi. Sha'awar kwalba tana zuwa, ba zan ɓoye miki ba, musamman in na ji ƙanshin wani abu mai zaƙi. Tana zuwa tana tafiya.

Ki gaya wa Mai Gilashi ya sassauta wucewa, takalminsa zai cinye. Saura mako huɗu.

Taki har kullum,
'Yar Alli

*

Daga shago, Laraba

'Yar Alli,

Sallama da gaisuwa. Man yana nan, na buɗe shi, yana da wari.

Jiya ruwa aka wuni ana yi, ba kowa a shago, sai na sauko da takardunki uku na jera su a tebur yadda nake jera fallayen riga kafin in haɗa. Kin san halina. In aka kawo min riga ba adon gaba nake fara dubawa ba, juya ta nake in ga ɗinkin ciki. To can ƙasa ta hannun dama akwai wata 'yar lamba, sai da na sa gilashi biyu na gan ta. An rubuta mataki, sai uku. Takarda ta biyu, uku. Ta uku ma uku.

Ni ban san kwamfuta ba, amma na san awo. Yarinyar da nake wa ɗinki, in shekara ta zagayo tsawonta bai motsa ba, uwarta nake tambaya ko lafiya. Taurari suna ta ƙaruwa a sama, abin da ke ƙasa yana zaune daram. Kuma shekara talatin ina wannan aiki ban taɓa ganin abin da ake koyo ba a yi gumi ba.

Ita Rediyo mai zufa, lamba nawa ce a ƙasan tata takardar?

Na rubuta wa Malamarku layi biyu ina tambaya. Na gaya miki ne don ba na yi miki abu a bayan ido. Amma na fi son in ji daga bakinki. In ba komai ba ne, ki yi min dariya, in mayar da takardun bango. Yanzu dai suna aljihun tebur kusa da man nan mai wari.

Asibitin bayan layinmu sun kawo aikin rigunan ma'aikatansu, guda sittin, za a fara yankawa ƙarshen wata. Na karɓa don na san kina dawowa.

Ina jiran amsa.

Gwaggonki

*

Daga ɗakin horas da ƙwaƙwalwa
Mako na shida, Juma'a

Zuwa ga Mama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya.

Na samu takardarki. Na jinkirta amsa ne har sai da na nemi izinin 'yarki, domin ƙa'idarmu ce ba ma fitar da bayanin kowa sai da yardarsa. Ta yarda in bayyana miki ma'anar lambar, sauran bayani kuma ta ce ita za ta yi da kanta.

Mataki shi ne yawan akwatunan da mutum ke riƙewa a lokaci guda. Kullum kafin a fara, kwamfuta tana yin ɗan gajeren gwaji ta zaɓa wa mutum matakin da zai yi aiki a kai ranar. Taurari suna nuna abin da ya ci a wannan matakin ne kawai. Don haka wanda ke aiki a iyakar ƙarfinsa ba ya tara taurari da yawa, yana ci yana faɗuwa. Mu lambar ƙasa muke dubawa. Na amince cewa takardar tamu ta girmama taurari ta ƙanƙantar da abin da ya fi muhimmanci, kuma na kai maganar gaba.

Ina so in ƙara da cewa wannan horo ba shi ne maganin ba, taimako ne a gefen sauran aikin da ake yi, kuma a sauran aikin 'yarki tana ƙoƙari ƙwarai. Shekara huɗu ina aiko wa iyaye irin wannan takarda, ke ce ta farko da ta tambayi lambar. Da za ki karɓi aiki a wurinmu da mun yi murna.

Ki huta lafiya, tare da girmamawa.

Malamar ɗakin kwamfuta

*

Mako na bakwai, Lahadi

Gwaggo,

Ina gaishe ki, kaina a ƙasa. Takarda biyar na yaga kafin wannan, har ofis suka ce in na ƙara sai dai in yi rubutu a tafin hannu.

Lambar Rediyo shida ce.

Ga abin da ya faru. Ranar farko na zauna da ƙarfina, ina cewa a raina wane ne akwati. Uku na ci. Huɗu na ci da ƙyar. Da aka kawo biyar, sai na ga sun haska sun mutu, kaina fayau, ko na farkon ban riƙe ba. Aka sake, haka. Aka sake, haka. Gwaggo, ni da nake auna mace tun daga kafaɗa har idon sawu, ta dawo bayan wata uku in karanto mata awonta tana dariya. Akwati biyar suka gagare ni. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka. Abin da ya zo min shi ne, shi ke nan na ƙona kan, tebur ya tafi.

Washegari sai na lura da ɗan gwajin nan na farko. In na faɗi shi da gangan, sai kwamfutar ta ajiye ni a mataki na uku, in yi ta kwasar taurari kamar mai tsintar maɓalli. Haka na yi mako huɗu cur. Na ce wa kaina ai ba wanda na cuta. Yadda na riƙa ce wa kaina ke nan lokacin da nake ɓoye kwalba a cikin buhun ƙyalle, sai da takardarki ta zo na gane muryar.

Kwana biyu na yi ina fushi da ke, da gilashinki biyu. Rana ta uku na je wurin Malama na ce ina da magana. Ta ce, "Tun mako na biyu nake jiran ki." Na ce to me ya hana ki kama ni? Ta ce ta tambaye ni sau uku ta hanyoyi uku, ni ce na ce jinin tela ne. Na faɗa a zaman safe kuma, gaban kowa. Rediyo ta ce a dawo mata da zufarta. Sun tuɓe ni daga sarauta, yanzu Tsohuwar Sarauniya ce.

Ga takardar gaskiya nan. Tauraro goma sha huɗu. Ki duba ƙasa, biyar ce. Ranar Alhamis na riƙe biyar sau uku a jere, na fito da ciwon kai irin na Rediyo, ina murna kamar an ba ni kyauta. Na fitila ma ashe ba na iya shi, da ja da kore duk dannawa nake, hannuna ya riga kaina.

Yanzu ga inda maganar take. Malama ta ce zan iya fita ranar da mako takwas suka cika, ba mai riƙe ni. Ko kuma in ƙara mako huɗu in rama waɗanda na ɓata, in ci gaba da zaman safe. Ta ce ba ta yi min alkawarin awon mutum arba'in zai dawo ba. Ban zaɓa ba tukuna. Na san rigunan asibiti na jira, na san hannunki.

Ki yafe min. Kunya nake ji, amma na fi samun barci.

'Yarki,
'Yar Alli

*

Daga shago, Laraba

Tsohuwar Sarauniya,

Ranki ya daɗe, ya murabus? Na yafe miki tun kafin in kai ƙarshen takardar. Goma sha huɗun nan na kafe ta a bango. Wata ta ce kwas ɗin ya yi wuya ke nan, na ce yanzu aka fara shi.

Tunda yau ranar tonon asiri ce, zauna ki ji nawa. Kin san duk sanda na gama auna mutum nakan rataye tef a wuya in ce bari in sha ruwa, in shige ciki? Ke a tunaninki akwai mai ƙishi irina a duniya? Bayan tulun nan na ɗakin ciki akwai littafi. Na goma sha ɗaya ke nan. Ina shiga nake rubuta awon kafin ya tsere, in kurɓi ruwa don bakina ya yi danshi, in fito. Ranar yanka kuma in sake jin ƙishi. Tun ina sabuwar tela na ga mata suna son a ce an riƙe awonsu a ka, sai na bar su a haka, suna ya bi ni. Mai Guga ya sani, shekara goma sha biyu yana dariyata a ciki.

Ke kuwa kika taso kina kallona, kika ɗauka haka ake yi, kika yi shi da gaske. Na ga kina yi, na yi ta alfahari da ke, na kasa buɗe baki in ce 'yar nan ga littafi. Na bar ki kina ɗaukar kayan da ni ban taɓa ɗauka ba. Wannan laifina ne, kuma ya dame ni ƙwarai. Tela ba ya buƙatar mutum arba'in a ka. Mutum ɗaya yake buƙata, daga bakin tef zuwa bakin tulu, da hannun da zai tsaya in an ce tsaya.

Sai maganar da ba ta da daɗi. Mai Gilashi ya samu tayin wani shago, ya ce Juma'ar mako mai zuwa zai ji daga gare ni, in ba haka ba ya tafi can. Asibiti kuma sun aiko da yadi, yana nan jingine a lungu, ba za su ɗaga rana ba. Riga sittin a hannun nan nawa wata guda ne, in hannun ya yarda, kuma ba zai yarda ba. In kin dawo ranar da aka ce, tebur naki ne, na ga abin da nake son gani. In kin zauna, kin dai ji yadda abin yake.

Ba zan zaɓa miki ba. Ke kike cikin kan nan, ni daga waje nake leƙe.

Ki gaishe min da Malama, ki ce aikin nasu na gode, amma ba na iya zama wuri guda rabin awa.

Gwaggonki mai ƙishi

*

Mako na takwas, Litinin

Gwaggona,

Gaisuwa da ban girma. Na karanta maganar tulu na yi dariya har na faɗo daga gado. Ni da nake tausayinki ina cewa ko ciwon suga ne! Rediyo ta sa na karanta mata sau biyu, yanzu duk wanda ya tashi shan ruwa a gidan nan sai a ce ya gaishe da littafi.

Ranar Asabar aka fita da mu, mu biyar da ma'aikaciya ɗaya, sayen sabulu da man goge baki. Haka ake wa waɗanda suka kusa fita. Na yi kwalliya, ina tafe ina duba ɗinkin mutane a titi ina ba su maki. Sai muka zo wucewa ta gaban wani kantin magani. Ba wanda na sani ba ne, ban ma kalli cikinsa ba. Ƙofar ce a buɗe, warin ya fito. Gwaggo, ban san lokacin da na juya ba. Na farga ne ƙafata ɗaya tana kan dakalin kantin. Na tsaya, ba wanda ya riƙe ni, ni na tsayar da kaina, na sauko na bi sahu. Da a wata biyu da suka wuce ne da sai dai a ba ni labari. Amma ƙafar ta riga ta hau. Kuma daga shagonmu zuwa irin wannan ƙofa taku nawa ne, kin sani.

Na wuni jiya ina juya abin. In na dawo Juma'a zan yanka rigunan asibiti, watakila ma su yi kyau. Amma ban shirya ba. Na fi son in gaya miki da bakina yanzu, da ki gano shi daga baya da gilashi biyu.

Na ce wa Malama zan ƙara mako huɗun.

Ki ba Mai Gilashi teburin. Hannunsa na da kyau, kin faɗa, kuma hannunki ya huta. Kada ki ji komai, alkawari mako takwas ne, ni ce ban cika ba. In na dawo ki ba ni kujerar bakin ƙofa, in riƙa sa maɓalli da zif. Ina rubuta wannan ina kuka, ba zan ce miki ba zafi ba. Amma ko daga bakin ƙofa ana hango tebur.

Mataki na shida na taɓa yau, sau ɗaya, ya kuɓuce.

Ki sa min albarka.

'Yarki,
'Yar Alli

*

Daga shago, Asabar

'Yata,

Albarka kam kin sha ta. Na karanta takardarki a fili, Mai Guga ya ce hayaƙin gawayi ne ya shiga masa ido, alhali dutsen nasa na lantarki ne.

Mai Gilashi ya zo jiya. Na ba shi shayi, na ba shi haƙuri, mun rabu lafiya. Yadin asibiti na sa a mota na mayar musu da kaina, na nuna musu shagon da ya koma. Sun ji haushi, ba kuma lallai su sake dawowa ba.

Na sa an rubuta a ƙofa: faci, zif da kalmasa kawai, har mako huɗu. Shekara talatin ina yanka wa manyan mata, yau da safe gwiwar wandon wani direba na toshe, ya ce bai taɓa ganin faci mai kyau haka ba. Kujerar bakin ƙofar da kike roƙo na riga ki hawa.

Masu cewa sun iya suna da yawa a layin nan. Wadda ta rubuto min cewa ba ta shirya ba, ita zan miƙa wa almakashina. Na lulluɓe tebur da zani.

Ki zauna ki gama. Kada ki yi sauri.

Gwaggonki,
mai faci